Yatsan Tabawa

Ban taɓa ganin Tabawa ba.
Na san ta ne ta gindin tukunya,
inda babban yatsanta ya nutse a yumɓu
da tabon lauje a tsakiya.

Shekara tara ina bin ƙauyukan Dass,
ranar kasuwa da ranar da babu,
ina leƙa bayan rumbu, ƙarƙashin gado.
Mata na dariya: "Malam, ga roba ko'ina,
me za ka yi da tulu mai yoyo?"
In biya, in naɗe shi a tsumma
kamar jariri, in hau acaɓa.

Yanzu kantata a Yelwa ta cika:
kasko mai baƙin hayaƙi, asusu biyu,
akuya mai ƙafa uku da rabi,
ɗan mutum rungume da rediyo
wanda wuta ta lashe wa kunne,
da shantalin da ba ya zama daidai
sai an tokare shi da kwalin ashana.

Jiya wata tsohuwa ta yi sallama, Ladingo,
ta ce ita ce autar Tabawa.
Ko kallon akuyar ba ta yi ba.
Ta kife tulun, ta sa yatsa a gurbin,
ta daɗe.
Can ta ce, "Ƙishi yake ji.
Inna ba ta gina don kallo ba."

Na ɗebo ruwa na zuba.
Ya yi tsuwwa yana sha,
ƙamshin ruwan fari ya cika ɗakin.
Da tsakar dare na ji ɗigo a kan siminti,
ɗaya, ɗaya.
Ban tashi na tara kwano ba.