Baka Biyu, Ba Kowa a Tsakani

Ƙarfe huɗu a Tartu, dare ya riga ya shigo gari,
kogin Emajõgi ya daskare har gaɓa.
Shayina ya huce a gefen kwamfuta
sai ga saƙon Ülle daga ɗakin karatu:
"Triinu, manhajarki ta ƙi karɓar Endel."

Endel Raudsepp, tsohon mai gyaran agogo.
Shekara sha ɗaya sunansa na cikin ƙungiya huɗu:
masu karatun tarihi, masu dara, masu kallon tsuntsaye,
da zaman ranar Alhamis da matarsa Helju ta kafa.
Helju ta rasu da faɗuwar ganye.
Ya zo da hula a hannu, ƙanƙara na narkewa a kafaɗarsa,
ya ce a cire shi daga duka,
katin aron littafi kawai za a bar masa.

Ülle ta goge alama huɗu, ta danna ajiya.
Uwar garke ta mayar da ɗari huɗu:
wannan jeri ba ya zama wayam.

Ni na kafa dokar, ko na gaje ta ban duba ba.
Mutum ɗaya, ƙungiyoyi barkatai,
ƙungiya ɗaya, mutane barkatai,
a tsakani ɗan tebur, kowane layi igiya.
Ban taɓa kawo wa raina wanda zai kwance igiyoyinsa kaf
ya ci gaba da tsayuwa ba.

Na yi gyaran gaggawa, na ce gurbin ba dole ba ne.
Ɗari biyu. An ajiye. Na ɗaura mayafi na bi motar haya.
Ranar Laraba wasiƙa ta isa ga Endel:
gobe Alhamis, a zo da burodin gida kamar kullum,
kujerarka na nan kusa da taga.

Ülle ba ta yi mini faɗa ba.
Da ma ta yi.

Ashe fom ɗin, da ya ga ba alama ko ɗaya,
sai ya kame bakinsa, bai aika sunan gurbin ba,
uwar garke kuwa ta fassara shirun:
ba a taɓa nan ba, a bar shi yadda yake.
Sun ce shiru ma magana ce.
To, wace magana?
Wanda bai ambaci abokansa ba daban,
wanda ya buɗe tafin hannu ya ce babu kowa daban,
akwai kuma mai cewa ban sani ba,
shi wannan na rufe masa ƙofa, ya dawo da amsa.

Na zauna har mai shara ta kashe fitilar baranda.
Na koya wa fom ya faɗi babu da bakinsa:
baka biyu, ɗaya na kallon ɗaya, ba kowa a tsakani.
Na koya wa uwar garke ta karɓa ba tare da gardama ba,
ta fara ajiye mutum, ya samu lambarsa,
sannan ta waiwayi igiyoyi,
in an ce a kwance, ta kwance.
Na rubuta gwaji, na sa masa sunan tsohon,
na goge, na sa wani.

Da safe layi huɗu sun bar ɗan teburin.
Layin Endel na nan a babban,
lamba dubu biyu da ɗari takwas da sha bakwai,
da adireshi, da ranar haihuwa.

Ülle ta ce ya zo wajen sha ɗaya,
ya ari littafi kan kamun kifi ta ramin ƙanƙara,
ya tsaya gaban agogon bango na ɗan lokaci,
ya ce yana latti da minti uku,
zai kawo kayan aikinsa ran Litinin.

Na buɗe bayanansa sau ɗaya, don tabbatarwa.
Bakan nan biyu na tsaye,
da ɗan fili a tsakaninsu.