Dorinar Garwa

Hutun damina aka sa ni a mota
daga Mubi zuwa Garwa, wajen Kawu Bappayo.
Nairata ta zama sefa, ta ƙanƙance,
Hausata ta yi tuntuɓe da Fulatanci.

Da safe in kama masa bakin shadda yana awo,
da la'asar Hamajoda ya goya ni a babur
har gadar Binuwai.
Gasasshen kifi, yaji har hanci,
muna jiran dorina.

Kwana goma sha tara, shiru.
Na koyi ƙirga canji da Faransanci,
na buga ƙwallo a Rumde,
takalmina ya ɓace, ɗaya tak.

Ran komawa, jaka a kafaɗa,
sai ga kunnuwa biyu bisa ruwa.
Ta yi hamma. Ta nutse.
A gida wa zai yarda?