Gangara

A Valparaíso ba a tafiya a miƙe.
Ko ka hau, ko ka sauka,
ko ka tsaya kana haki a tsakiyar matakala
kana hango jiragen ruwa can ƙasa
kamar ƙwayoyin shinkafa a bakin faranti.

Shekararmu ta farko a sakandare
Malama Eliana Quilodrán ta rubuta x a allo,
ta ce: ga baƙo, ya ƙi faɗin sunansa,
ku bi sawunsa har ku cim masa.
Abin da kuka ɗebe a dama, ku ɗebe a hagu,
kada sikeli ya karkata.
Wannan bai ba ni wuya ba.
Kakata kifi take sayarwa a bakin teku,
kuma ba a taɓa danne mata ma'auni da yatsa
ta yi shiru ba.

A shekara ta biyu alwatika ta zo.
Kusurwa uku, in an haɗa, ɗari da tamanin,
ko ta yi tsini, ko ta kwanta, ba ƙari ba ragi.
Baltasar da ke zaune bayana ya ce ƙarya ne.
Ya yanka takarda da almakashi,
ya jera kusurwoyin nan uku a kan benci,
suka miƙe sak.
Har aka tashi bai ƙara cewa uffan ba.

Sai gangara.
Nawa ka hau, nawa ka yi gaba,
raba na farko da na biyu, shi ke nan.

Babana Heriberto, shekara ashirin da shida
yana jan akwatin katakon da ke hawa tudunmu
a kan dogo, da igiyar ƙarfe.
Ɗaya na hawa, ɗaya na sauka,
su gaisa a tsakiya kamar maƙwabta masu sauri.
Wata Asabar na je da rula da zare da ɗan dutse,
na auna, na goge, na sake aunawa,
na ce: Baba, kusurwarka talatin ce da ɗoriya.
Ya shafe baƙin mai a wando,
ya karɓi littafin, ya riƙe shi a juye,
ya ce: gwiwata ta san wannan tun ba a haife ki ba.
Amma ya yage shafin,
ya liƙa shi kusa da birki.

Ta uku ban riƙe da yawa ba.
Wani layi mai tashi da faɗuwa kamar igiyar ruwa,
da ƙwallon da aka jefa sama
ya zana baka kafin ya dawo.
Na faɗi jarrabawa sau biyu. Na yi kuka a banɗaki.
Malama ta ce: amsarki ba daidai ba ce,
amma hanyar taki ce, kada ki goge.

A ta ƙarshe muka koyi yiwuwa.
Kwabo a sama, kai ko gindi,
jajayen duwatsu da farare a cikin jaka.
Da dare ƙasa ta girgiza, kofuna suka zube,
da safe Baltasar ya ɗaga hannu:
kashi nawa cikin ɗari za ta sake yau?
Malama ta daɗe tana juya alli.
Ta ce: lissafi zai faɗa maka sau nawa,
ba zai faɗa maka yaushe ba.

Yanzu Baltasar yana arewa, a ramin tagulla.
An rufe akwatin Baba don gyara, gyaran bai ƙare ba.
Matakala ɗari da saba'in da biyar nake hawa da kifin kakata.

Abu guda ta hana mu: raba lamba da sifiri.
Layin da ya tsaya cak, in ji ta, ba shi da gangara,
ka hau, ka hau, ba ka yi gaba ba.
Jiya na leƙa ta tagar akwatin.
Shafin yana nan, rana ta cinye tawadar,
sai talatin ɗin kawai.