Maƙerin Bajoga da Ƙarfen Tasha

Ran Laraba tirela ta sauke kaya
a bakin tsohon layin dogo,
inda awaki suka gaji da jiran jirgi
suka koma kiwo a tsakiyar hanyarsa.

Na bar zugazugi, na bar wuta tana ci,
na je kallo da baƙin gawayi a hannu.
Suka ce tasha ce aka kawo.
Na ce, tasha kuma, a ɗaure kamar rake?

Na gyara tsayuwa, na ja numfashi,
na yi bisimilla irin ta ɗaga uwar maƙera,
na ciccibi guda ɗaya,
saura kaɗan in faɗi da baya.
Ƙarfe ya ba ni kunya a gaban yara,
ko nauyin taɓarya biyu bai kai ba.

Shekara arba'in da ɗaya ina dukan ƙarfe,
abin da na sani, mai nauyi shi ke da gaskiya.
Garmar da na ƙera wa Jauro Bappayo
har yau jikokinsa na kuka da ita.
Wannan kuwa fari fat kamar kwanon sha,
an kalmashe bakinsa kamar gefen riga,
huji a jere, ba wanda ya kauce,
ga lamba a goshin kowane
sai ka ce buhunan auduga a ma'auna.

Hammayo, yaron da ya gudu daga maƙerata
wai hayaƙi na cin idonsa,
shi na hango a sama da hular kwano,
riƙe da 'yar na'ura mai kukan zirnaƙo.
Zir, kusa ta shige. Zir, wata ta bi ta.
Ba wuta, ba masaba, ba tartsatsi.
Ya ce, Baba, a masana'anta aka auna aka yanke,
mu namu haɗawa ce kawai.
Gara ba ta ci, tsatsa sai ta yi haƙuri.
Na ce, bari damina ta zo ta yanke hukunci.

Kwana tara gini ya miƙe,
kamar ƙayar kifin Gongola bayan an cinye tsoka.

Ta zo kuwa, daren wata Juma'a,
iskar gabas mai tuge kuka.
Ta yaye rufin maƙerata
ta kai shi gonar maƙwabci ba sallama.
Da asuba na tafi ganin gawar tasha,
har na tanadi abin da zan faɗa wa Hammayo.

Na same ta tsaye, ruwa na ɗiga daga indararo.

Na shiga ciki, na ɗaga kai na daɗe.
Siriri ya jingina da siriri,
wani ya gitta ya riƙe ƙugun ɗan'uwansa,
ba wanda ya ɗauki kaya shi kaɗai.
Ashe tanka ce!
Tankar ɗakin Inna a ƙauye,
kara da igiyar rama,
da maza huɗu ke ɗagawa suna dariya
ta kuma shekara goma tana raina hadari.
Na san abin nan tun ban san wuta ba.

Bayan mako injiniya Lamela ta aiko.
Sun rataye guntun ƙarfensu sun buga,
ya ce ƙwas, kamar murfin tukunya.
Ta miƙo mini gutsuren tsohon dogo,
na huda shi a wuta, kwana biyu ina gumi,
Hammayo na ja mini zugazugi, idonsa na hawaye.

Ga shi can a rataye bakin dandamali.
Jirgin bai iso ba tukuna.
Amma in yara suka ɗauki dutse suka buga
har kasuwar hatsi ana juyowa.
Rufin nasu ne, ban yi musu ba.
Muryar tawa ce.