Ƙoƙon Kai

A Idi-Araba, a hawa na biyu,
aka miƙo mini takarda da biro.
Kalma ɗaya ta miƙe a kanta kamar layin dogo:
kiraniyotomi.
Sau uku na karanta, sau uku harshena ya harɗe.

Sallau na ciki, ƙanena.
Da hantsi ya zamo daga saman tirelar albasa
a Mil Sha Biyu,
ya tashi, ya karkaɗe riga, har ya sha shayi.
Kafin la'asar ya manta sunana.

Dakta Morenike a Gusau ta yi bautar ƙasa,
Hausarta na ɗingishi, amma tana kai wa gida.
Ta ce, kalmar nan ɗaki biyu ce:
kiraniyo, ƙoƙon kai,
tomi, yanka.
Jini ya taru ƙarƙashin ƙashi, ba ƙofar fita,
ya zauna wa ƙwaƙwalwa a wuya.
Za mu yanke ƙashin, faɗin tafin hannunka,
mu ɗaga shi kamar murfi,
mu kwashe gudajin, mu toshe jijiyar da ke yoyo,
mu mayar da murfin, mu kama shi da ƴan ƙarafa.
In ƙwaƙwalwa ta kumbura ta ƙi karɓar rufi,
sai murfin ya jira wata rana.
Wannan kuma sunansa daban.

Ƙoƙo kika ce?
Ubanmu gyartai ne.
Na taso ina riƙe masa ƙwaryar mutane
yana huda bakin tsaga, yana zura zare,
yana cewa, abin da ya tsage bai mutu ba,
hannun da ya sani yake jira.

Na sa hannu. Biron ya yi santsi da gumi.

Awa huɗu a kan benci.
Ruwan Legas ya sauko, ya ɗauke, ya sake.
Ƴan danfo na kiran Mushin a waje
kamar ba a buɗe kan kowa ba.
Carbina ya gaji, ni ban gaji ba.

Kwana biyu, Sallau ya buɗe ido,
rabin kansa a aske.
Na ƙirga ɗinkin: ashirin da uku,
a jere, ba wanda ya hau wani.
Da Baba ya gani, da ya jinjina kai.

Ya dube ni, ya motsa leɓe.
Na sunkuya.
Ya ce, Yaya Barau,
an biya mu kuɗin sauke buhunan nan?