Rufin Tirelar Sahabi

Garejin Jega, bayan azahar.
Na hau rufin tirelar Sahabi,
kwanon ya lotsa ƙarƙashin gwiwata
kamar tsohuwar tasa.

"Iyakwandishan kawai za ka ɗora," in ji shi.
Na ce, "Kilo arba'in ne, Malam,
kuma ramukan hanyar Yawuri
ninka kaya suke yi."

Na gitta ƙarfe biyu, na ɗinke da wuta,
tartsatsi ya ci hannun rigata.
Kowace ƙusa na bi ta da danƙo
saboda ruwan Agusta.

Da magariba injin ya yi gurnani.
Sahabi na ciki da kwalayen magani,
yana shan sanyi.
Ni ina sama har yanzu,
tafina kan kwano,
ina sauraron ko zai koka.