Na Uku Ya Yi Shiru

Da hantsi aka turo ta garejinmu, bakin hanyar Tanut,
farar mota mai turbo, tana rawar ɗari cikin zafin bazara.
Mai ita, Kubura, ungozomar asibitin Mirya,
ta ce: “Tun Talata take tari.
In na taka, sai ta yi kamar ba da ita nake ba.”

Na ɗauko na'urata, na soka mata waya ƙarƙashin sitiyari.
Lambobi suka fito jere kamar sunayen masu bin bashi,
kowace na nuna wata da yatsa:
ko turbo ne, ko famfo, ko iska ta yi ƙaranci.

Baba Zabairu bai dubi allon ba.
Shekara shida ke nan da guduma ta cinye masa kunne,
ko kiran salla sai ya ga mutane sun tashi.
Ya ɗaga kapo, ya zaro dogon turnabis,
ya ɗora bakinsa kan injekta na fari,
ƙotar kuma ya cije ta da haƙoran da suka rage.

Na fari yana bugu.
Na biyu yana bugu.
Na uku,
ya daɗe a kan na uku, ido rufe,
kamar mai jiran amsar sallama a gidan da aka tashi.
Ya tofar da yawu, ya ɗaga yatsu uku.

Ban yarda ba, ƙuruciya ta hana.
Na jera kwalabe huɗu, na ja siraran tiyo,
muka tada inji, muka tsuguna.
Uku na ɗiga a hankali, kamar famfon unguwarmu
ran da ya tuna da mu.
Ta ukun ta cika har wuya kafin shayi ya tafasa.

Da muka kwance matatar mai
na tsiyaye ta cikin kwano:
gazuwal a sama, ruwa kwance a ƙasa.
Kubura ta kama haɓa, ta yi dariyar da ba daɗi:
“Damagaram! Kwana tara tuluna a bushe,
ashe ruwan yana cikin tankina.”
Wurin ƴan ruwa-ruwa ta sha, da dare,
tana sauri, wata na naƙuda a ƙauye.
Wa zai tsaya haska kwalba a irin wannan dare?

Fitar da shi ya ci mana azahar.
Baƙin gawayi ya riƙe shi kamar jinka,
na zuba mai, na jira, na murɗa, na zagi uwar ƙarfe.
Baba ya taɓa kafaɗata:
abin da ya shekara yana zama
ba ya tashi don ka yi fushi.

Sabon daga Kano ya zo, cikin leda, a motar la'asar,
jika ɗari da ashirin, ban da ladan direba.
Na goge ramin har ya yi ƙyalli,
na sa sabon zoben jan ƙarfe,
don tsohon zobe ba ya rufe baki sau biyu.
Na ɗaure daidai awo, ba ƙari,
na rubuta wa kwakwalwar motar sunan baƙonta,
harafi bayan harafi.
Nan kam Baba ya ja baya, ya bar mini fili.

Ta tashi.
Turbo ya ja siririn fito, hayaƙi ya washe.
Kubura ta ɗora kofin ruwa kan kapo, bai girgiza ba.
Ta ƙirga kuɗi, ta yi gabas.

Da kowa ya watse na ɗauki turnabis ɗin.
Ƙotar duk shaidar haƙoransa.
Na duba hagu, na duba dama,
na je ga tsohuwar motar da ke gurnani a gefe,
na cije.